Yadda ake farfaɗo da tsohuwar kalkuletar kimiyya, a kuma sa batirinta ya daɗe

Bara da muke kwashe kayan marigayi Kawu a gidansa da ke Gwale, na ci karo da kalkuletarsa a ƙasan akwatin ƙarfe, naɗe cikin tsohuwar hula. Casio fx-82 ce, irin ta farko mai cin batir biyu, wadda ta fito a 1982. Na kunna, shiru. Ƙanena ya ce, "Yaya, ba wa yara su yi wasa da ita, wannan ai ta gama yayi." Da na zare murfin baya sai na tarar farin gari ya cika ramin batir, ya daskare a kan ƙarafunan kamar gishiri. Awa ɗaya na yi a kanta bayan la'asar, ta kawo sifiri ɗinta tas.

Shekaruna da dama ina koyar da lissafi, kuma kalkuletocin da aka kawo mini da sunan sun mutu, yawancinsu ba tsufa ya kashe su ba. Batirin da aka manta a ciki ne ya fashe ya ci ƙarfen da ke kai wuta. Ƙwaƙwalwar da ke ciki kuwa lafiyarta ƙalau.

Kafin ka taɓa komai, duba fuskarta ka san wace iri ce a hannunka, domin nan ne sirrin batir yake. Na farkon zamani lambobinsu ja ne masu haske kamar garwashi. HP-35, wadda kamfanin Hewlett-Packard na Amurka ya fitar a 1972 a kan dala 395, ita ce kalkuletar kimiyya ta farko da ta shiga aljihu, amma cajinta bai wuce na kamar awa uku ba, saboda kowace lamba fitila ce mai shan wuta. TI-30 ta 1976 ma haka take shanye batir mai bolt 9 kamar an aiko ta. Da aka koma fuska mai ruwan toka da baƙaƙen lambobi, wadda ba ta haske da kanta, sai labari ya sauya. HP-11C ta 1981 da HP-15C ta 1982 batirin agogo uku kacal suke ɗauka, su yi shekaru a kai. Juya bayan Casio irin ta ɗalibai, za ka ga an rubuta 0.0002W ko makamancin haka. Wutar da take ci ke nan. Wannan ƙarancin cin shi ne alherinta, shi ne kuma ajalinta: mutum ya daɗe bai buɗe murfin ba har ya manta akwai batir a ciki.

Kayan aikin duk na gida ne: lemon tsami ɗaya ko ruwan khal, audugar goge kunne, tsohon buroshin haƙori, sifirit daga kemis, kilinar goge fensir, da ƙaramin sukudireba irin na masu gyaran agogo.

Cire tsohon batirin tukuna. In ya manne, kar ka zungure shi da wuƙa, tura shi a hankali da tsinken sakace ko wani abu na roba, ka kuma lura da inda kansa ya fuskanta kafin ka fitar. Farin garin nan yana cin fata, kar ka kai hannu ido, ka wanke hannu da ka gama. Yanzu karanta jikin batirin. In alkalin ne, ko irin mai caji na da, abin da ya zubo ɗan'uwan ruwan toka ne, kuma duk wanda ya taɓa ganin an jefa kanwa a miyar yakuwa ya san yadda tsami da kanwa suke kashe juna. Tsoma auduga a ruwan lemon, matse ta, ka ɗiɗɗiga a kan garin. Za ka ga ƙananan kumfa na tashi. Bari su kwanta, ka goge, ka maimaita har kumfa ta daina. In kuwa batir mai arahar nan ne na tocila da rediyo, ruwansa shi ne mai tsamin, don haka bekin soda za ka dama da ɗan ruwa ka shafa a maimakon lemo.

Auduga ta zama mai danshi kawai, ba mai ɗiga ba, kuma ka riƙe kalkuletar ramin batir na kallon ƙasa don kada ruwa ya gangara ciki. Bi da sifirit, ka goge ƙarafunan da kilina har su yi ƙyalli, sannan ka bar ta a inuwa ta bushe na tsawon awa biyu ko uku. A inuwa na ce. Ranar Kano ba abokiyar wannan fuska ba ce. In wayar nan mai murɗe da ke tokare batir ta cinye ta karye, kai wa mai gyaran rediyo ya ciro wata daga mataccen rimot ya liƙa maka da dalma.

Sai zaɓen sabon batir, kuma a nan ake yawan yin hasara. In batirin agogo take ci, LR44, AG13, A76 da G13 duk girma ɗaya ne, alkalin mai bolt 1.5. SR44, wanda ake rubuta wa 357, girmansu ɗaya amma na azurfa ne, bolt 1.55. Ya fi tsada, sai dai ƙarfinsa ba ya raguwa sai dab da ƙarewa, kuma bai cika zubar da ruwa ba. Ga kalkuletar da kake ƙauna, shi nake ba da shawara. Wurin masu gyaran agogo a Sabon Gari nake saye, ba a faranti mai yawo da rana ta gasa ba. Wani dattijo da nake zuwa wurinsa, tabarau a karan hanci, teburinsa cike da murafen agogo, ba ya miƙo batir sai ya ɗora shi a mita na gani da idona. Da na ce, "Baba, ai sabo ne a ledarsa," sai ya ce, "Malam, leda ba ta faɗa maka watannin da ya yi a rumfar kwano." Tun daga ranar ba na saye sai an gwada. In na'urar batir biyu ko uku take ci, canja su gaba ɗaya, iri ɗaya. Haɗa sabo da tsoho shi ke sa tsohon ya fashe.

Da ta kawo, cika fuskar da lambar 8 daga farko har ƙarshe, domin takwas ce ke kunna kowane sashe na lamba. Sa ta a DEG, wato ma'aunin digiri, ka nemi sin 30, amsa 0.5. Sannan bi madannan ɗaya bayan ɗaya. In HP ce ka nemi alamar daidai ka rasa, ba lalacewa ta yi ba, tsarinta ke nan: 2, ENTER, 3, sannan +, ta ba ka 5. Na san wanda ya kusa yar da HP-15C saboda wannan.

Mai hasken rana irin fx-991MS batir ɗaya ne a cikinta na ko-ta-kwana. Rufe gilashin solar da babban yatsa. In lambobi suka dushe, batirin ya ƙare, ko da tana aiki a tsakar gida. Littafinta ya ce yana kai kimanin shekara uku in ana amfani da ita awa ɗaya kullum, kuma ko bai nuna gajiya ba a canja shi in ya kai hakan. Akasin wannan gwaji kuma yana tona asirin jabu: cire batirin ka fita da ita haske, ta gaske za ta kawo, wadda aka manna wa baƙar roba don ado ba za ta motsa ba.

Madanni mai taurin kai yawanci ƙurar hunturu ce. Fara da buroshi busasshe a gefe-gefensu. In ya zama dole ka buɗe, kifa ta a kan tire fuska na ƙasa, in ba haka ba madannan za su watse a tabarma ka kwana neman cos. Ɗauki hoton jerinsu da waya kafin ka kwance ko noti ɗaya. Goge baƙaƙen ɗigon da ke jikin robar ciki da sifirit kaɗan. Ban da fetur, ban da kananzir, ban da tina, suna narkar da roba su share rubutu. Inda ka ga an narka roba an danne allon ciki da ita maimakon noti, tsaya nan, kar ka ɓalle.

Lambar da wani sashenta ya ɓace, siririn ƙyallen da ke haɗa fuska da allo ne ya saki. Danna gefen fuskar a hankali, in sashen ya dawo to shi ne, kuma mai gyaran waya mai haƙuri a Farm Centre zai iya manna shi, amma ka gaya masa kar ya hura mata iska mai zafi yadda ake yi wa waya. Baƙin tabo mai yaɗuwa kamar tawada kuwa ba shi da magani sai wata fuskar daga matacciya irinta.

Ga kalkuletoci masu jajayen lambobi akwai gargaɗi biyu da nake so a riƙe da kyau. Cajar da ta zo da su daga Amurka sau da yawa ta wuta 110 ce, tamu kuwa 230, tana shiga soket ta ƙone. Sannan irin su HP-21 da HP-25 na 1975, in aka jona su da caja alhali batirin ciki ya mutu ko ƙarfensa ya yi tsatsa, wutar kan wuce kai tsaye ta ƙone ƙwaƙwalwar. A fara sabunta ƙunshin batirin da sababbi masu caji na bolt 1.2 kowanne, sannan a yi maganar caja.

Ajiya kuma, a garin da zafin bazara ke haura digiri 40, kar a bar ta a gaban mota ko a taga. Zafi yana gajarta ran batir, yana kuma baƙanta fuska. Aljihun baya na wando ma ya fasa fuskoki da yawa a kan bencin aji da kujerar adaidaita sahu. Mayar da ita cikin murfinta, da damina kuma a nisanta ta da bango mai danshi. In za ta yi wata biyu ba aiki, kamar lokacin dogon hutu ko bayan an gama WAEC da NECO, cire batirin. Kuma don Allah a ɓoye batirin agogo daga yara. In yaro ya haɗiye, yana iya ƙona masa maƙogwaro cikin 'yan awanni, asibiti za a nufa nan take, ba a jira ya fito da kansa.

Ta Kawu yanzu tana jakar 'yata da ke aji biyar na sakandare. Na manna farin salatif a cikin murfin batir na rubuta watan da na saka sababbi, muka kuma yi da ita cewa ranar da aka ba su hutu za ta kawo mini in cire.