Yadda Za Ka Farfaɗo da HackRF One Idan Kwamfuta Ta Daina Ganinsa Bayan Sabunta Manhajar Ciki

Ka sabunta manhajar cikin (firmware) HackRF One, na'urar rediyon nan da ake sarrafawa da kwamfuta, ka buga umarnin hackrf_info, sai kwamfuta ta ce ba ta ga na'urar ba. Kada ka yanke ƙauna. Ƙwaƙwalwar na'urar, wato LPC4320 ta kamfanin NXP, tana ɗauke da wata ƙaramar manhajar tayarwa da aka dasa tun daga masana'anta, kuma sabuntawa ba ta iya goge ta. Ta nan ake shiga a gyara.

Fara da abu mai sauƙi. Cire kebul ɗin ka sake sokawa, don sabuwar manhaja ba ta fara aiki sai na'urar ta mutu ta tashi. Ka canza kebul ma, domin da yawa daga cikin na micro-USB na caji ne kawai, fitila za ta kama amma bayanai ba sa wucewa. A Linux buga lsusb, umarnin da ke jero na'urorin USB da ke haɗe da kwamfuta. Idan ka ga 1d50:6089, na'urarka lafiya lau take, matsalar izini ce: duba dokokin udev, masu ba da izinin amfani da na'urori, ka tabbatar kana cikin rukunin plugdev. A Windows kuwa, sake ɗora direban WinUSB da manhajar Zadig. Mai PortaPack, wato ƙarin na'ura mai allon nuni da ake ɗora wa HackRF, ya tuna cewa sai ya zaɓi yanayin HackRF a kan allon kafin kwamfuta ta gan shi.

Idan lambar ba ta fito ba sam, to mai yiwuwa abin da aka rubuta a ma'adanar filash ta na'urar ne ya lalace. Ko an katse rubutun a tsakiya, ko an ɗora fayil ɗin da ba nasa ba. Wasu kan ɗauki na rad1o, wata na'ura daban, wasu kuma mai ƙarshen .dfu maimakon .bin. HackRF One samfurin r9 shi ma ba ya aiki da manhajar da ta girmi fitowar 2023.01.1.

Don gyarawa, sai ka shiga yanayin DFU, wato ta waccan manhajar tayarwa ta masana'anta. Danne maɓallin DFU da ke jikin na'urar, ka soka kebul kana riƙe da shi, sannan ka saki. Fitilar 3V3 ce kaɗai za ta kama, haka ake so. Yanzu lsusb zai nuna 1fc9:000c. Shiga babban fayil na firmware-bin da ke cikin kunshin manhajar Great Scott Gadgets, kamfanin da ya ƙera HackRF, ka buga:

dfu-util --device 1fc9:000c --alt 0 --download hackrf_one_usb.dfu

A Windows wannan lambar tana buƙatar nata direban daban, sai an koma Zadig.

Ga inda mutane ke tuntuɓe. Da zarar an gama, wasu fitilun za su kama, hackrf_info zai amsa, mutum ya ɗauka an gama ya zare kebul. A'a! Wannan manhajar a RAM, ma'adanar wucin gadi, take zaune, wuta na ɗaukewa ta tafi, ka koma gidan jiya. Kafin ka taɓa komai, rubuta ta dindindin:

hackrf_spiflash -w hackrf_one_usb.bin

Jira ya kammala, sannan ka danna RESET. Ka sabunta kayan aikin hackrf na kwamfutarka su zama fitowa ɗaya da manhajar cikin, in ba haka ba wasu umarnai za su riƙa ƙi. Batun CPLD, wani guntu a cikin na'urar da a da ake sabunta shi daban, kada ya dame ka: tun daga fitowar 2021.03.1 manhajar da kanta take loda shi.

Idan ko a yanayin DFU lambar 1fc9:000c ba ta fito ba, bayan ka gwada wani kebul da wata kwamfuta, ɗauki tabarau ka leƙa bakin micro-USB ɗin, ƙila walda ce ta saki.