Yadda Ake Shirya wa Tiyatar Ƙarin Jijiyar Kunne, da Yadda Ake Jinya Bayanta

Abin yakan fara ne da waya. Mutum ya kara ta a kunne ɗaya ya ji muryar kamar daga cikin rijiya, ya mayar ɗaya kunnen ya ji garau. Haka yayata ta daɗe tana cewa dattin kunne ne, ana ɗiga mata man zaitun, har sai da ƙugi a cikin kunnen ya hana ta barci, ta kuma fara tangaɗi idan ta fito alwalar asuba. Gwajin ji da hoton MRI ne suka bayyana abin: ƙarin da likitoci ke kira akustik niyuroma. Ni na yi jinyarta, kuma abin da na gani shi ya sa na zauna rubuta wannan.

Ƙarin ba kansa ba ne, ba ya yaɗuwa cikin jiki. Yana tsirowa ne daga rigar da ta lulluɓe jijiya ta 8, wadda ke kai saƙon ji da na daidaiton tsayuwa daga kunne zuwa ƙwaƙwalwa. Girmansa a hankali yake, yawanci milimita 1 zuwa 2 a shekara, wani ma yakan tsaya cak. Matsalarsa wurin da ya zauna. Jijiyar tana ratsa wata 'yar siririyar hanya cikin ƙashi tare da jijiya ta 7, mai motsa fuska, kuma idan ƙarin ya yi girma yakan danne gindin ƙwaƙwalwa. Kusan duk abin da zai biyo baya a nan, daga wannan maƙwabtaka ya samo asali.

Mataki na 1: Ka tabbatar tiyatar ce ta dace da kai

Hanya uku ce. Idan ƙarin ƙarami ne kuma bai dame ka sosai ba, ana iya sa masa ido, a riƙa maimaita MRI. Akwai haske na musamman, irin na na'urar Gamma Knife da likitan Suwidin Lars Leksell ya ƙirƙiro, wanda ke tsayar da girman ƙarin da bai wuce kamar santimita 3 ba, amma ba ya cire shi. Sai tiyata, wadda aka fi zaɓa idan ƙarin babba ne ko yana girma da sauri.

Aikin na likita biyu ne, na kunne da na ƙwaƙwalwa. Asibitocin koyarwa kamar na Malam Aminu Kano da na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato suna da waɗannan sassa, a Kaduna kuma akwai cibiyar kula da kunne ta ƙasa. Wasu kuma Masar ko Indiya suke tafiya. Ko ina ka nufa, kada kunya ta hana ka tambaya. Likita, irin wannan aikin nawa kuke yi a shekara? Kuna da na'urar da ke lura da jijiyar fuska yayin aiki? Idan ƙarin ya manne da jijiyar, za ku bar ɗan guntu ne ko sai kun cire duka? A ganina likitan da ya ce zai bar guntu don ya tsirar da fuskarka ya fi wanda ya yi maka alkawarin komai.

Mataki na 2: Ka san ta inda za a shiga

Ƙofa uku ce, kowace da farashinta. Ta farko ta bayan kunne ce, a ratsa ƙashin kunnen ciki. William House na Amurka ne ya yaɗa ta a shekarun 1960. Tana ba likita damar ganin jijiyar fuska da wuri, amma jin wannan kunnen ya tafi ke nan har abada, shi ya sa aka fi yin ta ga wanda dama jinsa ya lalace. Ta biyu ta wajen ƙeya ce, tana karɓar babban ƙari, wani lokaci a tsira da ji, sai dai an san ta da ciwon kai mai daɗewa. Ta uku ta saman kunne ce, don ƙaramin ƙari idan ana son ceto ji.

Kada ka firgita idan ka farka ka ga filasta a cikinka. Sau da yawa ana yanko ɗan kitse daga nan a toshe ramin da aka buɗe, don kada ruwan ƙwaƙwalwa ya yoyo.

Mataki na 3: Makonnin da suka rage

Ka zuba duk abin da kake sha a leda ka kai wa likita: maganin hawan jini, na suga, asfirin, ibufurofen, har jiƙo da tsimi da garin da aka aiko maka daga ƙauye. Wasu suna tsinka jini, kuma zubar jini cikin kai ba abin wasa ba ne. Shi zai faɗa maka wanda za ka daina da ranar da za ka daina. Kar ka yanke da kanka. Mai shan taba ya ajiye ta. Za a yi gwajin jini da na zuciya, kuma a nan gida sai ka tanadi 'yan'uwan da za su ba da jini tun kafin ranar.

Ka riƙa tafiya a ƙasa kullum, ko ta rabin awa ce. Jikin da ya saba motsi ya fi saurin tashi.

Sai gyaran gida, wanda mutane ke mantawa. A ɗauke tabarmi da wayoyin da ke harɗe ƙafa. A sa kujera a banɗaki don wanka a zaune. Idan masan tsuguno ne, a nemi kujerar bahaya. A ajiye tocila a gefen gado. A tsayar da mai jinya guda ɗaya mai natsuwa, wanda zai iya riƙe bayanin likita, ba a yi ta karɓa-karɓa ba. Wanda zai fita waje kada ya ƙayyade ranar dawowa sai likita ya yarda ya hau jirgi.

Daren tiyata za a ce ka kame baki, yawanci awa 6 zuwa 8 ba abinci. Ka bi wannan sau da ƙafa.

Mataki na 4: Kwanakin asibiti

Aikin yana da tsawo, yakan cinye mafi yawan yini, don haka masu jira a waje su kwantar da hankali. Daren farko a ɗakin kulawa ta musamman ake yi, ma'aikatan jinya suna tashinka a kai a kai, su haska idonka, su ce ka yi murmushi, ka ɗaga gira. Yawanci ana sallama cikin kwana 3 zuwa 7.

Kwana biyun farko su ne masu wuya. Ɗaki yana juyawa, zuciya tana tashi, ko juya kai ka yi sai amai. Dalili shi ne an yanke jijiyar daidaito ta ɓangare ɗaya, ƙwaƙwalwa tana samun saƙo daga kunne guda, ta rikice. Abin mamaki, mai babban ƙari wani lokaci jirinsa ya fi sauƙi, domin ƙarin ya riga ya kashe jijiyar sannu a hankali, ƙwaƙwalwa ta saba.

Mataki na 5: Ka tashi ka taka

A nan nake so in daɗe, domin a nan tausayinmu yake cutar da mara lafiya. Mu dai mun saba cewa, "Sannu, kwanta ki huta, me kike so a kawo miki?" Ni ma haka na yi wa yayata, har na so in hana likitan fisiyo, wato mai koyar da motsa jiki, tashinta a rana ta biyu. Ya zaunar da ni ya yi mini bayani. Tsayuwar mutum a kan abu uku ta dogara: kunnen ciki, ido, da abin da tafin ƙafa ke ji. An rasa rabin na farko, sai ƙwaƙwalwa ta koyi aiki da ragowar, kuma ba ta koyo a kwance. Jirin da kake ji idan ka motsa, shi ne darasin. Haka ma maganin jiri: yana taimako a kwanakin farko, amma idan aka zarce da shi yana jinkirta wannan koyo.

Ka fara da zama a bakin gado. Sai tsayuwa da mai riƙe ka. Sai zuwa bakin ƙofa ka dawo. A gida, gajeriyar tafiya sau da yawa ta fi doguwa sau ɗaya. Akwai atisayen da aka fi koyarwa: ka rubuta harafi ɗaya a takarda, ka manna a bango daidai idonka, ka kafe shi da ido kana juya kai dama da hagu a hankali, kamar minti ɗaya, sau da yawa a yini. Idan harafin ya fara rawa, ka rage sauri. Likitan fisiyo zai ƙara maka wasu gwargwadon ƙarfinka.

Na tuna ranar da ta fara tsallaka tsakar gida ita kaɗai, hannu ɗaya yana shafa bango, ta isa gindin randa ta tsaya tana haki tana dariya. Mako biyu kafin nan ko kofi ba ta iya ɗauka daga ƙasa.

Duhu shi ne abokin gaba. Da an ɗauke wuta, ido ya daina taimako, sai a faɗi. Haka ƙasa mai rairayi ko gargada. Ka saba da tocila.

Mataki na 6: Ka tsare ɗinkin

Na tsawon mako 4 zuwa 6, ko yadda likita ya ce, ka guji duk abin da ke sa yunƙuri. Ba ɗaukar bokitin ruwa, balle jarka, ba ɗaukar yaro, ba jan guga. Ba fyace majina. Atishawa ta zo, ka bar baki buɗe. Ka ci ganye da gwanda, ka sha ruwa sosai don kada ciki ya ɗaure. Ka kwanta da filo biyu ko uku, kai sama da ƙirji. Wurin ɗinki ya zauna a bushe har a cire zare, wajen kwana 10 zuwa 14.

Sallah ma a tambayi likita. Sunkuyar da kai ƙasa yana ƙara matsi a cikinsa, yana kuma tada jiri, don haka da yawa sukan yi ta a zaune da ishara na ɗan lokaci, kuma addini ya yi wannan rangwame. A alwala kada a shaƙi ruwa da ƙarfi a face shi. Idan azumi ya kusa, shi ma a yi maganarsa kafin a bar asibiti.

Mataki na 7: Alamomin da ba a kwana da su

Ruwa garai-garai yana ɗiga daga hanci, musamman idan an sunkuya, ko daga kunne, ko daga ɗinki, ko ɗanɗanon gishiri a maƙogwaro: wannan yana iya zama ruwan ƙwaƙwalwa, ba mura ba. Ta inda ya fita, ta nan ƙwayar cuta za ta shiga ta jawo sanƙarau. Zazzaɓi da sandarewar wuya, ciwon kai mai tsanani da ke ƙaruwa, ƙin haske, yawan barci, rikicewar magana, kumburin ƙafa ɗaya ko sarƙewar numfashi, duk asibiti ake nufa nan take. Ina roƙo, kada a ce maleriya ce a aika yaro kemis. Ko da ita ce, likitan da ya san aikin ya fara gani.

Mataki na 8: Fuska da ido

Wani yakan farka ɓarin fuskarsa ya saki, baki ya karkace. Wani kuma sai bayan mako ɗaya ko biyu abin ya bayyana, kuma irin wannan ya fi saurin warwarewa. Likitoci suna auna shi da ma'auni daga 1, wato lafiya lau, zuwa 6. Idan ba a yanke jijiyar ba, akasari tana farfaɗowa, amma da nawa, wata shida har shekara ko fiye.

Kowa bakin yake kallo, alhali idon ne cikin haɗari. Idon da ba ya rufuwa yana bushewa, ya yi gyambo, har a iya rasa gani. Da rana a riƙa ɗiga ruwan hawaye na kemis a kai a kai, da dare a sa man ido a rufe fatar da filasta yadda aka nuna. Tabarau dole ne a waje, balle lokacin hunturu da ƙura. A ajiye kwalli. Ido ya yi ja ko gani ya dushe, a ga likitan ido a ranar. Wajen cin abinci a tauna ta ɓangaren mai lafiya, a kuma duba kada loma ta maƙale a kumatu.

Mataki na 9: Rayuwa da kunne ɗaya

Gajiya za ta ba ka mamaki. Wanka kaɗai sai ya sa ka nemi gado, kuma hakan yakan ɗauki watanni. Yawanci ana komawa aiki tsakanin mako 6 zuwa 12. Mai jinya ya taƙaita 'yan dubiya, mutum biyu su shiga su yi addu'a su fito, domin hayaniyar mutum goma ga mai kunne ɗaya azaba ce. Tuƙi, da hawan babur ko a baya ne, sai ka iya waiwaye da sauri ba jiri, likita kuma ya amince.

Da kunne ɗaya ba a gane daga ina sauti ya fito. Za a kira ka daga hagu ka juya dama. A titi kar ka dogara da jin ham, ka duba ɓangare biyu da idonka, ka sake dubawa. A taro ka zauna inda kunnen mai ji ke fuskantar mutane, ka kuma faɗa musu kai tsaye, "Dawo ta nan, wancan ba ya ji," don kada a ɗauka girman kai ne. Akwai na'urar da ke ɗauko sauti daga mataccen kunnen ta kai wa mai ji, da wadda ake dasawa a ƙashin bayan kunne. Ƙugin kuwa tiyata ba ta cika kawar da shi ba. Ƙarar fanka ko rediyo ƙasa-ƙasa tana rage shi da dare. Kunnen da ya rage ka kiyaye shi daga ƙarar janareta da lasifikar biki.

Idan ka ga ƙunci ya rufe ka, kana gudun madubi da mutane, ka faɗa wa likita. Yana faruwa ga mutane da yawa bayan wannan aiki, kuma ana taimakawa.

Za a ci gaba da yi maka MRI na shekaru, musamman idan an bar guntun ƙarin, domin yana iya sake tsirowa ba tare da ka ji komai ba. Ka haɗa faya-fayan hotunan da rahoton tiyata da sakamakon gwajin ji a jaka ɗaya, ka ɗauki hotonsu a waya, ka tafi da su duk ranar ganin likita.