Ga mai shirin fara The Wheel of Time

'Yan uwa, littafi 14 ne wannan labari na Robert Jordan, sai an daure. Kada ku ce sai kun haddace sunan kowa, mutanen sun yi yawa. Ku riƙe Rand, Mat, Perrin, Egwene da Nynaeve. Abin da ya shige muku duhu, ku duba bayanan da ke ƙarshen littafin. Ku guji binciken sunaye a intanet, can ake tona ƙarshen labari.

Daga littafi na 8 zuwa na 10 labarin yana jan ƙafa, nan mutane da yawa ke ajiyewa. Babi ɗaya a rana ya isa. Littafi na 11 ya farfaɗo sosai, ukun ƙarshe kuma Brandon Sanderson ya kammala bayan rasuwar Jordan a 2007.