Yadda ake nutso a tsibiran Similan ba tare da an cutar da murjani ba

Tsibiran Similan suna cikin Tekun Andaman, a kudancin Tailan, kuma tun 1982 doka ke kare su. Da can tara ne, sunan ma daga kalmar "tara" ta harshen Malay ya fito, sai a 1998 aka haɗa musu da tsibiran Bon da Tachai. Fara da tsayar da lokacin tafiya, don daga tsakiyar Oktoba zuwa tsakiyar Mayu kaɗai ake buɗe wurin. Sauran watannin iskar damina na tayar da teku, sai a rufe.

Sai maganar horo. Takardar shaidar matakin farko, irin ta ƙungiyoyin koyar da nutso PADI ko SSI, tana ba ka damar sauka zuwa mita 18, ta gaba kuma mita 30. Shawarata ita ce ka gama koyo kafin ka iso, kada ka mayar da murjani filin gwajinka. Yawancin jirage daga yankin Khao Lak suke tashi, wasu na yini ɗaya, wasu a kwana a cikinsu.

Kafin ku faɗa ruwa, kai da abokin nutsonka ku duba kayan juna: tukunyar iska ta cika, wato ma'auninta na nuna wajen "bar" 200 (awon matsin iska ke nan), bututun shaƙa na aiki, dalmar ƙugu ta ɗauru. Ku maimaita alamun hannu. Ɗaga babban yatsa na nufin "mu hau sama", ba "lafiya lau" ba.

Sauka a hankali. Kowace mita 10 nauyin da ke danne jiki yana ƙaruwa da kwatankwacin na iskar da muke ciki a doron ƙasa, kuma kunne ne ke fara ji. Toshe hanci ka hura kaɗan tun kafin zafi ya zo. In ya ƙi buɗewa, ɗan hau sama ka sake. Kada ka taɓa riƙe numfashi: iskar da ka shaƙa a mita 10 tana ninka girmanta kafin ka kai sama, huhu kuwa ba ya ɗaukar haka.

Yanzu ga inda aikin yake, wato tsayawa cak a tsakiyar ruwa, ba ka nutsewa ba ka tasowa. Ka sa iska kaɗan-kaɗan a rigarka ta nutso, wadda ake hura wa iska don ta ɗaga ka, sauran kuma numfashi ne. Ka ja shi za ka ji ka ɗan taso, ka sake shi ka ɗan sauka. Kwanta a miƙe, gwiwa a lanƙwashe, takalman iyo suna sama, hannuwa a naɗe a ƙirji. Dalili kuwa, murjani ba dutse ba ne. Ƙananan dabbobi ne masu rai, kowanne da ɗan bakinsa da ke buɗewa da dare, kuma manyan dunƙulensu da ƙyar suke ƙara santimita ɗaya ko biyu a shekara. Shuri ɗaya na wanda bai iya ba yana karya abin da ya girme shi. Ko yashin da ƙafa ta tayar, in ya sauka a kansu, yana shaƙe su. Abin na ci mini rai, don ba mugunta ke jawo shi ba, gaggawa ce kawai.

Ba a ciyar da kifi, ba a ɗaukar ko ɓawon katantanwa. In kunkurun ruwa ko babban kifin nan mai faɗi da ake kira "manta" ya ratso, tsaya inda kake, sau da yawa shi zai matso ya dube ka. Tun 2021 Tailan ta hana shafa man kare rana mai wasu sinadarai da ke lalata murjani a irin waɗannan wurare, doguwar rigar ruwa ta wadatar. A 2016 ma sai da aka rufe tsibirin Tachai ga baƙi saboda cunkoso.

Riƙa leƙa ma'aunin iska, ka shirya yadda za ka fito da ragowar "bar" 50. Hau sama sannu, ka dakata minti 3 a mita 5 don naitirojin, wani ɓangare na iskar da kake shaƙa, da ya shiga jini ya fita a hankali. In ka yi garaje zai zama kumfa a gaɓoɓi da jijiyoyi, ciwon da kan kai ga shanyewar jiki. Saboda haka ne ma ba a hawa jirgin sama sai bayan awa 12 da nutso ɗaya, ko awa 18 in an yi da yawa. Bar ranar ƙarshe ta tafiyarka babu nutso a cikinta.