Idan wanda kake horarwa ya fara jan ƙafa: kurakuran da muka fi yi

Mutum ya zo wurinka da ƙafarsa, ya ce yana so ya gyara wani abu a rayuwarsa. Kun zauna kun tsara abin da zai yi. Mako ya zagayo, ya dawo yana sosa ƙeya: "Wallahi ban samu lokaci ba." Mako na biyu ma haka. Daga nan ne yawancinmu masu horar da mutane muke fara kuskure, kuma sau da yawa namu ya fi nasa ɓarna.

Wanda ya fi kowanne yawa shi ne ƙara masa wa'azi. Sai mu shiga jero masa amfanin motsa jiki ko tanadin kuɗi, alhali ya san su sarai tun kafin ya zo. Tun 1966 masanin halayyar ɗan Adam Jack Brehm ya bayyana cewa idan mutum ya ji ana neman ƙwace masa zaɓi, turjewa yake yi, ko da alheri ake tura shi gare shi. Kana kawo dalilin canji, yana kawo uzuri, kuma duk maimaicin da ya yi wa uzurin, ƙara gamsuwa yake da shi. Masana halayyar ɗan Adam William Miller da Stephen Rollnick, waɗanda hanyarsu ta tattaunawa ta samo asali daga aiki da masu fama da shan barasa, sun juya abin: dalilin canji ya fito daga bakin mai shi. Ka tambaye shi, "Daga sifili zuwa goma, ina ka ajiye muhimmancin abin nan?" In ya ce huɗu, kada ka ce don me ba takwas ba. Ka ce, "Me ya sa huɗu, ba ɗaya ba?" Sannan ka yi shiru. Shirun nan yana da wuya, na sani, amma a cikinsa ne za ka ji yana kare burinsa da kansa.

Wani lokacin ma burin ba nasa ba ne. Na taɓa aiki da wata baiwar Allah da ta yi watanni tana ɗage rubuta takardar neman ƙarin girma a wurin aiki. Na gwada mata jadawali iri-iri, babu wanda ya yi aiki. Ranar da na tambaye ta wa zai fi farin ciki in ta samu, sai ta sunkuyar da kai tana murza biro, can ta ce, "Babana." Ita abin da take so shi ne ta koma karatu. Laifina ne da ban yi tambayar tun zaman farko ba.

Sai sallamar mutum da niyya kawai. "Zan riƙa karatu sosai" fata ne, bai kai shiri ba. Masanin halayyar ɗan Adam Peter Gollwitzer ya yi shekaru yana nazarin shirin da ake ɗaurawa da lokaci da wuri, kuma a 2006 shi da Paschal Sheeran suka tattara gwaje-gwaje 94 da suka nuna irin wannan shiri yana ƙara cika buri ƙwarai. Don haka kada ya tashi sai ya faɗa da bakinsa: "Idan na dawo daga aiki ranar Talata, kafin in taɓa waya, zan karanta shafi biyar." Ku tanadi na ranar da abu zai lalace: in gajiya ta yi yawa, shafi ɗaya. In ka ga yana jinkirin amsawa, matakin ya yi masa girma, ku rage.

Muna kuma yi wa mutane alkawarin cewa cikin kwana 21 za su saba da sabuwar ɗabi'a. Binciken Phillippa Lally a Landan ya gano kusan kwana 66 ne a tsaka-tsaki, wasu 18, wasu har 254, kuma tsallake rana ɗaya bai rushe sabawar ba. Faɗa masa wannan tun farko, kafin ya yanke wa kansa hukuncin lalaci a mako na huɗu.

Ranar da ya dawo hannu rabbana kuwa, hanya biyu muke ɓata ta. Ko mu ɓata rai har ya fara yi mana ƙarya ko ya daina zuwa, ko mu ce "babu komai" mu wuce, ya fahimci alkawarin ba shi da nauyi. Ni abin da nake yi yanzu shi ne in koma kan ranar da kanta. Talata ƙarfe shida, kana ina? Me ke hannunka? Me ya faɗo maka a rai da ka tuna littafin? Galibi a amsa ta uku ake jin abin da ya tare shi, tsoro ne, ko gajiya, ko wani a gida da ba a yi shawara da shi ba, kuma da shi za ku fara shirin mako mai zuwa.