Furannin kaka: yadda za ka jawo zuma, malam-buɗe-littafi da tsuntsaye cikin gidanka

Duk wanda ya zauna a Gombe ya san yadda gari ke juyawa da ruwan sama ya ɗauke a watan Oktoba. Ciyawa ta bushe, a roro wake, a yanke riɗi, kafin ka ankara hunturu ya shigo ko'ina ya yi fari fat. To a daidai wannan lokacin furen daji ke raguwa, duk gidan da ke da ɗan abu mai fure sai ka ga zuma da malam-buɗe-littafi sun yo ca a kansa. Ni filina bai fi taku goma ba a bayan ɗaki, amma wallahi da hantsi har ƙugin zuman kake ji daga tsakar gida.

Sirrin abin dai lissafi ne, ka ƙirga baya. In kana son fure daga Satumba har Nuwamba, shuka daga tsakiyar Yuli ne zuwa ƙarshen Agusta, saboda yawancin abubuwan da zan lissafa kwana 50 zuwa 70 suke ɗauka kafin su buɗe. Kuma kar ka zuba irin duka rana ɗaya, raba shi kashi uku, duk bayan sati biyu ka saka kashi ɗaya, ta yadda wani na yaushi wani na tasowa.

Me za ka shuka? Gaskiya ni na fi yarda da namu na gida. Zoɓo shi ne na farko, ka shuka shi tun Yuli don ba ya fure sai yini ya fara gajarta, wajen Satumba zuwa Oktoba, furen ruwan ɗorawa mai haske da jan ido a tsakiya, kwana ɗaya tal yake yi ya rufe amma gobe wasu sun buɗe, ga shi daga baya ka samu na jiƙawa. Riɗi ma haka, wajen kwana 40 ya fara fure, za ka ga zuma ta shige cikin furen gaba ɗaya sai ƙafafunta na baya kake hange. Irin waɗannan biyun ko a kasuwar Tudun Hatsi ka samu, gwangwani ɗaya ma ya yi maka yawa. Sai ɗoɗɗoya, wadda mata ke tsinke mata kai don ta yi ganye, kai ka bar gindi biyu ko uku su yi fure abinsu. Kabewa ka sake ta ta hau katanga, furenta da sassafe yake buɗewa, kuma in babu zumar da za ta ɗauko garin furen namiji ta kai wa na mace, 'ya'yan tun suna ƙanana suke zubewa. In akwai zogale a gidan, kar a sassare shi duka a kaka, a bar masa rassa, ƙananan tsuntsayen nan masu siririn baki mai lanƙwasa suna zuwa shan ruwan furensa.

Cikin fulawar da ake sayarwa kuwa, ziniya (zinnia), mai fure launi-launi, ita ce gwanar jawo malam-buɗe-littafi, sai sanfulawa (sunflower), mai babban fure rawaya. In ka je wajen masu fulawa ka zaɓi mai buɗaɗɗen ido wadda kana ganin tsakiyarta, mai cunkushen fure ɗin nan ta fi kyan gani amma ƙwaro ba ya iya kaiwa ga zaƙin.

Gyaran ƙasa ba wani wahala. Wurin da rana ke samu aƙalla awa 6, ka kaftu shi, ka cakuɗa da kashin awaki ko na shanu wanda ya ruɓe. Ƙasarmu yashi ya yi mata yawa a unguwanni da dama, ruwa ba ya zama, saboda haka kar ka yi rowar takin. Ƙananan iri zurfin gaɓar yatsa ya isa, tsakanin gindi da gindi kamu ɗaya zuwa biyu, sanfulawa da zoɓo kuma taku guda. Da ruwa ya ɗauke ka lulluɓe gindinsu da busasshiyar ciyawa ko ƙaiƙayi, ban ruwa da yamma duk bayan kwana biyu, ko ruwan alwala da aka tara a bokiti ya wadatar, tunda mun san tsadar ruwa a garin nan. Kuma ka yi shinge, akuya ba ta san fulawa ba.

Yanzu ga abin da ya fi damuna, maganin feshi. Shekarar da na fara, na ga tsutsa a jikin ɗan lemun tsamina sai na ɗauko ragowar maganin wake na fesa da rana tsaka har kan furannin. Washegari gawar zuma na share a ƙasa, abin ya tsaya min a rai sosai. Ashe ita wannan tsutsar, wadda tana ƙarama kamar kashin tsuntsu take, in ta girma ta koma koriya, ita ce ke zama babban malam-buɗe-littafin nan baƙi mai ɗigon rawaya. Haka mai ruwan lemo da baƙin gefe, a tumfafiya tsutsarsa ke girma, farare da rawayen nan masu yawo a garke kuma tafasa suke sa wa ƙwai. Don haka in tafasa ta fito a lungu ka bar gindi kaɗan. Tumfafiya kuwa in akwai yara ka bar ta can bayan katanga, farin ruwanta yana illa ga ido. In ƙwari sun yi yawa ka tsince da hannu, in ta kama dole ka jiƙa ganyen dogonyaro ka fesa bayan magariba, lokacin zuma ta koma, kuma ka kauce wa furen.

Tsuntsaye abu biyu suke nema, tsaba da ruwa. Kan sanfulawa in ya bushe kar ka yanke, ka kuma shuka gero ko da gindi biyar ne a bar musu zangarniyar, kurciya da ƙananan tsuntsaye za su riƙa sauka. Ka samu kasko mara zurfi ka jera tsakuwa a ciki yadda zuma za ta tsaya ta sha ba ta nutse ba, ka ɗora shi a sama inda kyanwa ba za ta yi musu kwanto ba, ka riƙa sauya ruwan duk bayan kwana biyu saboda sauro.

Kafin su cinye komai dai ka cire kai biyu mafi girma na kowane iri, ka shanya a inuwa, ka murje ka ƙulle a takarda ba a leda ba, leda tana sa shi gumi ya ruɓe. Ka rubuta sunansa a jiki ka ajiye sai Yuli.