Satar rubutu a intanet: kurakuran da ke sa ɓarawo ya sha

Masu shafukan labarai, masu rubuta girke-girke, har 'yan Kwari da ke ɗora hotunan shadda da atamfa, babu wanda ya tsira a garin nan. Ka yi wahalar rubutu, wani ya kwashe kaf ya manna a shafinsa, har da kuskuren harafin da ka yi a sakin layi na uku, kuma nasa ne ke fitowa sama da naka a Google. Abin da ya gundure ni shi ne, yawancin waɗanda aka cuta kafin su nemi shawara sun riga sun ɓata maganar da hannunsu.

Babban kuskure shi ne ihu kafin tara hujja. Da ganin satar sai mutum ya haye Facebook, ya kira sunan shafin, ya tura jama'a su je su cika wurin da Allah ya isa. Haba malam! Ai gargaɗi ka yi wa ɓarawo a kyauta. A WordPress, manhajar da ake gina shafuka da ita, mayar da kwanan wata baya ba ya cin minti ɗaya: ya sa ranar da ta riga taka, shi ke nan kai ka koma ɓarawo a idon mai karatu. Ko ya sauke rubutun na kwana biyu, ƙura ta lafa, ya dawo da shi a wani adireshi. Hoton allo da ka ɗauka da waya kuma ba ya tsinana komai shi kaɗai, don kowa ya san ana haɗa irinsa.

Ni ba na furta kalma sai na shiga Wayback Machine, shafin da ke adana kwafin shafukan intanet, na manna adireshin shafin ɓarawon a wurin da aka rubuta Save Page Now. Nan za a adana shafin da rana da lokaci, a hannun wanda ba ruwansa da rigimarku. Naka ma haka za ka yi masa tun ranar da ka wallafa, ba sai an sata ba. Ka riƙa rubutu a Google Docs, domin yana ajiye tarihin kowane gyara. Hotuna kuma ka adana na asali daga kyamara. Wanda aka turo ta WhatsApp a matsayin hoto ya riga ya rasa bayanan da ke nuna ranar ɗauka da irin wayar. In dole ne a turo, a turo shi a matsayin fayil.

Kuskure na biyu, kulle danna-dama, wato hana maɓallin dama na linzami aiki a shafinka. Wannan ne ya fi ba ni haushi, saboda ana biyan kuɗi a saka shi. Mutum ya hana kwafi, ya hana zaɓen rubutu, ya kwanta yana ganin ya rufe ƙofa, alhali katangar baya a rushe take. Wanda ya san Ctrl da U ya ga rubutun duka. Kuma manyan ɓarayin ba su taɓa linzami: manhaja suke ɗaurawa a kan RSS ɗin shafinka, wato hanyar da shafi ke fitar da sabbin rubuce-rubucensa kai tsaye, kana wallafawa tana janyewa. Wa ka hana ke nan? Ɗalibar BUK da ke son ɗaukar layi biyu ta ambace ka a aikinta, da mai son tura lambar wayarka ga ɗan'uwansa. Ka cire abin nan. A WordPress ka shiga Settings, ka buɗe Reading, ka mayar da abin da RSS ke fitarwa daga cikakken rubutu zuwa taƙaitacce. In kana amfani da Yoast, ƙarin manhajar da ake ɗora wa WordPress, yana da wurin saka layi a ƙasan kowane rubutu na RSS mai komawa ga asalin shafinka. Ka dasa mahaɗi biyu ko uku zuwa tsofaffin rubuce-rubucenka a tsakiyar magana, domin manhajar sata da su take kwashewa. Sannan da ka wallafa, ka kai adireshin rubutun zuwa Search Console, shafin Google na masu shafuka, ka nemi Google ya duba shi nan take, kada ya fara cin karo da na ɓarawo.

Wajen bincike, kada ka nemi kanun labari, shi suke fara canzawa. Ɗauko jimla mai kalma takwas zuwa goma daga tsakiya, ka sa ta cikin alamar zance. Ka zaɓi wadda ba ta da ƙ, ɗ ko ɓ, don wasu suna cire lanƙwasar, jimlar ta ƙi fitowa. Google Alerts zai riƙa yi maka wannan gadin kyauta. Hoto kuma Google Lens ko TinEye. Tambarin da ka maƙala a kusurwa yanke shi ake yi, ka ɗora shi a jikin kayan.

Sai kuskuren buga ƙofar da ba ita ba. Kamfanin da ya sayar da sunan shafi daban, wanda ke ɗauke da fayilolin daban, kuma na biyun ne ke iya sauke rubutu. Ka fara tura wa mai shafin saƙo ɗaya na mutunci, ka ba shi kwana uku. Wani lokaci yaro ne da bai san laifi ba ne. In ya yi kunnen ƙashi, ka binciki sunan shafin a WHOIS, wurin duba bayanan rajistar shafuka, ka gano mai masaukinsa, wato kamfanin da ke ɗauke da fayilolin. In ka ga sunan kamfanin Cloudflare, ba su ne masaukin ba, amma suna da fom na ƙorafi da suke miƙa wa masaukin. Kamfanonin Amurka suna bin dokar haƙƙin mallaka ta DMCA ta 1998, kuma takardar ƙorafin tana da sharuɗɗa: adireshin asalin aikinka, cikakken adireshin kowane shafi da aka manna shi, ba babban shafin kawai ba, hanyar tuntuɓarka, furucin cewa ba da izininka aka yi ba, furucin cewa bayananka gaskiya ne kuma kai ne mai haƙƙi, sai sa hannu. Ka bar ɗaya, suna iya yin watsi da ita. Google ma yana da fom, sai dai daga sakamakon bincike kawai yake cirewa, shafin yana nan. In wanda ka kai ƙara ya musanta ƙorafin a rubuce yadda dokar ta tanada, za a dawo da rubutun cikin ranakun aiki 10 zuwa 14, sai in ka nuna ka shigar da ƙara kotu.

A gida Najeriya, Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a 2023, ta tanadi neman sauke abin da aka sata a intanet, kuma haƙƙinka ba ya jiran rajista. Amma shari'ar ta Babbar Kotun Tarayya ce, ba ta caji ofis ko kotun unguwa ba.

Kada kuma ka kai ƙarar wanda ya ɗauki layi uku ya ambace ka, ko wanda ya ba da labarin gobarar kasuwa da nasa kalmomin bayan kai ka fara bayarwa. Aukuwar abu ba mallakar kowa ba ce, tsarin kalmominka ne naka. Kuma kafin ka sa hannu cewa komai naka ne, ka duba hoton da ke saman rubutun. In daga Google ka tsinto shi, ka cire shi daga cikin ƙorafin.